An Yafe, Amma Raunin Bai Ji Ba

Akwai wata al'ada da muke alfahari da ita a nan Sabo, kuma ta cancanci a yi alfahari da ita. Idan tsautsayi ya gitta tsakanin mutanenmu biyu, ko ɗan acaba ya kaɗe mai tura baro, ko direba ya ja da baya ya matse ɗan dako a jikin bango, ko samari sun yi faɗa har wani ya zaro wuƙa, ba ma barin magana ta kwana a hannun 'yan sanda in da hali. Manya sukan zauna, ko a zauren mai unguwa, ko a ofishin ƙungiya, ko a ƙofar masallaci bayan isha'i. A biya kuɗin ɗinki da na allura, a ba mai rauni ɗan abin da zai riƙe gida kafin ya koma aiki, sannan a ce masa, "Malam, ka yi haƙuri, tsautsayi ne, ba ya wuce ranarsa." Shi kuma ya ce, "Na yafe duniya da lahira." A shafa fatiha, kowa ya kama gabansa.

Ba a banza muka gaji wannan ba. Tun da aka kafa Sabon Ibadan a 1916, kakanninmu fataken goro da shanu suka gane cewa baƙon da ya kai ɗan'uwansa ƙara waje ya yi asara biyu, ga kuɗi sun tafi ga zumunci ya lalace. Sulhun zaure ya hana gaba da yawa, ya hana talakawa da yawa kwana a bayan kanta a kan abin da ba da gangan suka yi ba. Duk wanda ya ce a watsar da shi bai san zaman baƙunta ba.

To amma sulhun nan yana tsaye ne a kan wani zato guda da ba mu cika faɗarsa a fili ba. Zaton shi ne, abin da ido ya gani shi ne iyakar raunin. Jini ya tsaya, fata ta haɗe, mutum ya miƙe yana tafiya da ƙafafunsa, shi ke nan ya warke. Sau da yawa haka ɗin ne. Sai dai akwai wani rauni da ba ya bin wannan ƙa'ida, kuma shi ne ya sa muka ga ya dace mu tambayi kanmu: yaushe ne alhakin rauni yake ƙarewa? Ranar da aka shafa fatiha, ko ranar da jiki ya gama biyan abin da aka jawo masa?

Duk wanda ya taɓa tsayawa wajen fiɗar ragon layya ya san abin da za mu faɗa. Idan an buɗe cikin dabba aka fitar da tumbi da hanji da hanta, akwai wani faffaɗan tantanin nama da ya yi shamaki, sai an yanka shi kafin a kai ga huhu da zuciya. Mu ma muna da shi. Shi ne ya raba ƙirji da ciki, kuma shi ne babban injin numfashi. Yana sauka iska ta shiga, yana hawa iska ta fita, kamar zugazugin maƙeri. Ko shaƙuwar da kan kama mutum, wannan tantanin ne yake zabura. Baligi mai lafiya yakan yi numfashi sau 12 zuwa 20 a minti guda, wato sama da sau 17,000 a kwana ɗaya, kuma a kowane numfashi tantanin nan yana motsi. Ba ya hutun dare, ba ya hutun Juma'a.

Hanya biyu ce yake yagewa. Ta farko ita ce bugu mai ƙarfi, irin na haɗarin mota ko babur, ko faɗowa daga saman gini ko saman tirela, ko abu mai nauyi ya danne mutum. Cikin yakan matsu farat ɗaya, ƙarfin ya haura sama ya fasa tantanin, alhali a waje wataƙila ƙujewa ce kawai ake gani. Ta biyu ita ce wuƙa ko harsashi ko wani ƙarfe mai tsini. A nan ne mutane da yawa ba su san wani abu ba: idan mutum ya fitar da numfashi, tantanin yakan hau har kusan daidai kan nono. Saboda haka sukar da aka yi tsakanin kan nono da ƙarshen haƙarƙari, ta gaba ko ta gefe ko ta baya, tana iya ratsa shi ko da bakin raunin bai wuce faɗin yatsa ba. An fi samun matsalar a ɓangaren hagu, domin a dama hanta ta tokare wurin, tana ɗaukar bugu kuma tana iya toshe ƙaramar huda.

Me ya sa ba ya haɗewa da kansa kamar fata? Ai abin da ba ya tsayawa wuri ɗaya da wuya ya haɗe. Ga kuma wani dalilin: ciki kullum a matse yake yana turawa, ƙirji kuma zuƙowa yake yi duk lokacin da aka ja numfashi. Ɗaya na turawa, ɗaya na ja, ga ƙofa a tsakani. Sannu a hankali sai kitsen ciki ya leƙa, sai tumbi ko babban hanji ya biyo baya, wani lokaci har da saifa. Kamar yadda hanji ke zurarowa ƙasa ga mai gwaiwa, haka wannan yake haurawa sama, sai dai shi ba mai ganinsa. Yana iya ɗaukar wata shida, yana iya ɗaukar shekara goma ko fiye.

Ba sabon abu ba ne a wajen likitoci. A 1579 wani shahararren likitan tiyata na Faransa, Ambroise Paré, ya rubuta labarin wani hafsan soja da aka harba a ƙirji ta hagu. Raunin ya warke a ido, mutumin ya ci gaba da rayuwarsa, sai bayan wata takwas ya mutu da matsanancin ciwon ciki. Da aka buɗe gawar, sai aka tarar babban hanjinsa ya shige ƙirji ta wata 'yar huda da ba ta wuce kan yatsa ba, ya shaƙe a can ya ruɓe. A 1974 kuma wani likitan Amurka mai suna Grimes ya kasa tafiyar wannan rauni gida uku, kuma har yau da rabonsa ake koyarwa. Akwai lokacin da abin ya faru. Akwai lokacin kwanton ɓauna, wanda mutum ke yawo ba ya jin komai, ko yana jin 'yan abubuwan da ba ya ɗauka da muhimmanci. Sannan akwai ranar da hanji ko tumbi zai maƙale a ƙofar, jini ya daina kai masa. Wannan ta ukun, in ba a yi tiyata cikin gaggawa ba, ita ce ke kashewa.

Lokacin kwanton ɓaunar nan shi ne ya fi shafarmu, domin a cikinsa ake yin sulhu, a cikinsa kuma ake mantawa. Mutum ya ci tuwo kaɗan ya ji ya cika. Bayan cin abinci ƙirji ko saman ciki ya riƙa ciwo ta hagu, wani lokaci ciwon ya harba kafaɗa. In ya kwanta numfashi ya yi masa wuya, in ya hau bene ya riƙa haki. Wani ma yakan ji ƙugin ciki a ƙirjinsa. Sai a ce olsa ce, a nufi kemis. In ba ta yi ba a ce asma ce, ko sanyi ne ya kama haƙarƙari, ko a koma jiƙe-jiƙe. Ba wanda zai tuna da faɗuwar da aka yi a hanyar Ojoo shekara biyu da suka wuce. Kuma gaskiya ita ce ko a asibiti raunin yana da wuyar kamawa a ranar farko. Hoton ƙirji na yau da kullum yakan fito kamar ba komai, musamman in kayan ciki ba su riga sun haura ba. Hoton siti sikan ya fi shi gani nesa ba kusa ba, amma shi ma ƙaramar hudar wuƙa tana iya kuɓuce masa, shi ya sa a wasu lokuta likitoci kan zura siririyar kyamara cikin ciki su duba da idonsu. Babu ganye ko ƙwaya da ke rufe wannan ƙofa. Ɗinki ne maganinta, kuma ɗinkin da aka yi da wuri ya fi sauƙi ƙwarai a kan wanda aka yi bayan hanji ya manne da huhu.

To, mu ɗauka wani ɗan dako ne mota ta matse a kasuwa. An kai shi an wanke ƙujewa, an ba shi maganin ciwon jiki, an zauna an sasanta, ya ce ya yafe. Bayan shekara biyu, wata rana ya ɗaga buhu sai ciki ya murɗe, ga amai, ga numfashi na neman ɗaukewa. Aka kai shi babban asibiti, likita ya ce tsohon rauni ne, hanji ya shiga ƙirji, sai tiyata yau ɗin nan. Kuɗin da ake nema ya fi abin da yake samu a shekara. Direban nan kuwa yana nan, muna sallah sahu ɗaya da shi. Wa zai biya?

In aka jefa wannan tambaya a majalisar shayi, amsa uku za a ji.

Na farko zai ce, "Haba jama'a, ai an gama wannan magana. Magana zarar bunu ce. Mutum ya ce ya yafe a gaban manya, yanzu kuma a dawo a tono?" Kada mu raina wannan amsa, akwai hikima a cikinta. Amfanin sulhu shi ne yana rufe magana. In kowane sulhu ana iya buɗe shi bayan shekaru, ba wanda zai yarda ya zauna a yi shi. Direban da ya san ba ranar da zai fita daga zargi, gobe in ya kaɗe mutum ba zai tsaya ba, taka mota zai yi ya gudu, kuma wanda aka bari kwance a titi shi ne zai fi kowa cutuwa. Ban da haka, direban ma talaka ne, wataƙila motar ba tasa ba ce, balas yake kaiwa kullum. Ya gina rayuwarsa a kan cewa an yafe masa.

Amma mu dubi abin da ɗan dakon ya yafe. Ƙujewa ya gani, ciwon jiki na mako guda ya ji, su ya yafe. Da an ce masa, "Malam, akwai yaga a cikinka da za ta iya kai ka ga tiyata ko kabari, ka yafe?" wataƙila ya yafe ɗin, don akwai masu wannan zuciyar, wataƙila kuma ya ce a dakata. Ba a tambaye shi ba, domin ba wanda ya sani. Mu 'yan kasuwa ne, mun san hukuncin wanda ya sayar da buhu yana zaton dusa ce ashe shinkafa ce a ciki. Yardar da aka bayar a kan rashin sani ba ta kai yardar da aka bayar ido buɗe ba.

Na biyu zai ce, "Wanda ya jawo shi zai ɗauka, ko bayan shekara nawa ne." Wannan ma yana da ƙafar tsayawa, kuma malamanmu na fiƙihu sun riga mu tunani a kansa. A cikin Risala, wadda ake karantawa a zaurukanmu, hukuncin shi ne ba a yanke diyyar rauni sai bayan ya warke, don a ga inda zai tsaya. Raunin da ya ratsa har cikin kogon jiki, wanda ake kira ja'ifa, an ba shi sulusin diyyar rai cur, ko da bakinsa ƙarami ne, domin sun san haɗarin rauni ba a faɗin bakinsa yake ba. A Muhtasar na Shehu Halil kuma, a babin sulhu, an kawo mas'alar wanda aka yi wa rauni ya yi sulhu a kansa, daga baya raunin ya ci gaba har ya kashe shi: magadansa suna da damar warware sulhun, domin a kan rauni aka sasanta, ba a sasanta a kan rai ba. Yadda za a ɗora waɗannan hukunce-hukunce a kan wani mutum takamaimai aikin malamai ne, ba na wannan shafi ba. Abin da muke ɗauka a ciki shi ne, magabata ba su ɗauki shafa fatiha a matsayin abin da ke tsayar da rauni ba. Sun ce a jira a gani. Mu ne muke gaggawa.

Sai dai wannan amsa ta biyu, in aka bar ta ita kaɗai, tana iya zama zalunci. A wuyan mutum ɗaya take sauke kayan duka, alhali ba shi kaɗai ya kai ɗan dakon ga wannan hali ba. Direba ya yi yagar, gaskiya ne. Amma yagar da aka gano a makon farko aiki ne mai sauƙi in aka kwatanta da hanjin da ya ruɓe a ƙirji. Tsakanin ƙaramin aikin da babban akwai shekara biyu na jinkiri, kuma jinkirin nan ba direba ne ya yi shi shi kaɗai ba.

Na uku zai ce, "Ƙaddara ce. Allah ya rubuto masa." Babu musu, ba abin da ke samun bawa sai da sanin Ubangijinsa. Amma mu lura da lokacin da muke jawo wannan kalma. In kuɗinmu ne ya maƙale a hannun wani, ba ma cewa ƙaddara mu yi shiru, har gida muke bin sa. Sai in nauyi ya nufo aljihunmu ne muke saurin tuna ƙaddara. Imani da ƙaddara yana kwantar da zuciyar wanda abin ya sama, kuma yana hana shi ƙullatar ɗan'uwansa. Bai taɓa zama rasit na cewa an biya haƙƙi ba.

Mu a ganinmu, abin da ya rikita maganar shi ne mun haɗa abu biyu a kalma ɗaya. Akwai laifi, akwai nauyi. Laifi shi ne abin da ke tsakanin zukata: ka cuce ni, ina jin haushinka, ina da ƙorafi a kanka gobe ƙiyama. Wannan yafiya tana goge shi tas, kuma wanda ya yafe bai kamata ya dawo yana gori ba. Nauyi kuwa shi ne, ga mutum kwance yana bukatar tiyata, kuma hannunka na cikin abin da ya kwantar da shi. Wannan ba ya goguwa da kalma, domin yagar ba ta halarci zaman sulhun ba, ba ta ji fatihar da aka shafa ba. Direban da aka yafe wa ba mai laifi ba ne kuma, kada a kira shi azzalumi, kada a kai shi ƙara a ɗaure. Amma in ya ji labari ya kau da kai ya ce ai an gama, to ya fake da alherin da aka yi masa don ya guje wa alherin da ake bukata daga gare shi. Mutumin kirki zai je asibitin, ya kawo abin da ya sawwaƙa, ko da ba wanda zai iya tilasta masa.

Sannan akwai masu nauyi na uku da ba a cika ambata ba, wato mu da muka zauna a zauren. Mu ne muka ce, "Ba ga shi yana tafiya ba? Wane irin hoto kuma, a ƙara wa bawan Allah kashe kuɗi?" Mu ne muka matsa wa mai rauni ya yafe tun kafin kumburi ya saɓe, don muna son a tashi taro kowa na murmushi. In ya ɗan yi jim, sai mu ce ba shi da haƙuri, ko yana son ya mayar da tsautsayi sana'a. Mun sayi zaman lafiyar unguwa da araha, shi kuma aka bar shi da bashin a cikin ƙirji. Tunda mun ci ribar sulhun, adalci ne mu ɗauki rabonmu na abin da sulhun ya tsallake. A nan ma fiƙihu bai bar mu a duhu ba. A mazhabar Malikiyya, diyyar kuskure in ta kai sulusi ko ta haura, ba a ɗora wa wanda ya yi kuskuren shi kaɗai, danginsa ne ke haɗuwa su biya, su ake kira aƙila. Hikimar a fili take: kuskure babba ya fi ƙarfin mutum ɗaya, kuma bai kamata wanda aka raunata ya tashi a tutar babu don wanda ya raunata shi matalauci ne ba. Mu da muka baro danginmu a Kano da Sakkwato da Katsina da Damagaram, wa ya zame mana dangi a nan in ba ƙungiyar direbobi da ta 'yan acaba da ta 'yan kasuwa da jama'ar masallaci ba? Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Shi ma mai raunin akwai abin da ke kansa, kuma faɗar haka ba ɗora masa laifi ba ne. Mun taso a kan cewa namiji ba ya raki. Ka tambayi mutum jiki, yana haki zai ce maka da sauƙi. Wanda aka soka a faɗa kuma yakan ɓoye, ko don kunya ko don tsoron kada maganar ta kai ga hukuma, sai a kira wani ya ɗinke bakin raunin a ɗaki. Ɗinke fatar ba ya taɓa abin da ke can ciki, rufe shaida kawai yake yi. Ya kamata mu san cewa Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana asibiti ƙin karɓar mai bukatar taimakon gaggawa, kuma dokar 2017 kan waɗanda aka harba ta wajabta a yi musu magani ba tare da jiran takardar 'yan sanda ba, ko da yake asibitin zai sanar da hukuma bayan an fara aiki. Ba ko'ina ake bin dokokin nan yadda ya kamata ba, amma wanda ya san haƙƙinsa ya fi wanda bai sani ba ƙarfin magana a bakin kanta. Kuma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. In ka je gaban likita da ciwon ƙirji ko na ciki, ka gaya masa, "Shekara kaza da suka wuce na yi haɗari," ko "An taɓa suka ta a nan," ka ɗaga riga ka nuna tabon. Wannan jimla guda tana iya sa a ɗauki hoton da ba a yi niyyar ɗauka ba. Tana kuma iya hana wani mugun kuskure, domin tumbin da ya haura ƙirji ya cika da iska yakan yi kama a hoto da iskar da ta taru ta danne huhu, kuma maganinsu ba ɗaya ba ne. Jikin nan amana ne, ga mata da 'ya'ya a nan, ga tsofaffi a gida suna jiran aike.

Kada mu manta da mata. Macen da ta taɓa faɗowa daga babur ko ta yi haɗarin mota mai tsanani, in ta samu juna biyu, cikin da ke girma yana ƙara tura kayan ciki sama, naƙuda kuma ta ƙara matsawa. Yagar da ta yi shekaru shiru tana iya tashi a wannan lokacin. Ta faɗa wa ma'aikatan awo tarihinta tun zuwan farko, maigida kuma kada ya ce ai tsohon zance ne.

Me muke roƙon manyanmu, masu unguwa da limamai da shugabannin ƙungiyoyi? Ba mu ce a daina sulhu ba. Cewa muka yi a ba shi ido. Duk haɗarin da aka bugu a ƙirji ko ciki da ƙarfi, da duk sukar da ta faɗa tsakanin kan nono da ƙarshen haƙarƙari, kada a zauna zaman sasantawa sai likitan asibiti ya duba, ba mai kemis ba, kuma kuɗin hoto ya shiga cikin abin da ake biya tun farko. Ga UCH nan kusa da mu, ba sai an yi doguwar tafiya ba. A rubuta sulhun a takarda, da ranar da abin ya faru da ɓangaren jikin da ya bugu, a ba mai rauni kwafinsa ya adana tare da takardun asibiti, don ko ya koma gida Arewa takardar ta bi shi. A raba yafiyar gida biyu a fili: an yafe laifi yau, ba gaba ba ƙara, amma in likita ya tabbatar daga baya cewa wani ciwo daga wannan raunin ya taso, za a sake zama a kan kuɗin magani kaɗai. Sharaɗin likita yana da muhimmanci, don kada kowane ciwon kai ya zama hujjar tatsar direba. Sannan kowace ƙungiya ta ware wani abu daga kuɗin tikitin da take karɓa kullum ya zama asusun irin wannan rana, masu motoci kuma su tabbatar inshorar da doka ta wajabta musu ta gaskiya ce, ba takardar nuna wa jami'an hanya kawai ba. In aka yi haka, direba ya san ba za a bar shi shi kaɗai ba, ba shi da dalilin gudu. Mai rauni kuma ya san yafiyarsa ba za ta zame masa igiya a wuya ba, zai yafe da zuciya ɗaya.

Kafin a kai ga wannan tsari, akwai abin da kowannenmu zai iya yi daga yau. Ka tuna wanda ka sani da ya taɓa yin mummunan haɗari ko aka taɓa suka, a ɗakinku ko a rumfarku ko a tasharku. In ka ga yana ramewa, yana ture kwano da wuri, yana dafe haƙarƙarin hagu bayan cin abinci, ko ba ya iya kwanciya sai ya jingina, kada ka tsaya a "Allah ya ƙara sauƙi." Ka tuna masa da haɗarin, ka raka shi asibiti. In kuwa ciwo mai tsanani ya taso masa farat ɗaya, da amai ko yunƙurin aman da ba ya fita, da toshewar bayan gida, da ƙuncin numfashi, to ba a jiran gari ya waye, ba a tsayawa neman jiƙo. A ɗauke shi a lokacin, kuma wanda ya raka shi ya faɗa wa likita tarihin tun a bakin ƙofa.

Yafiya tana daga cikin mafi kyawun abin da muka zo da shi garin nan, kuma maƙwabtanmu sun san mu da ita. Abin da ya rage mana shi ne kada mu bari wanda ya yi halin girma ya zama shi ne ya fi kowa asara. Wanda ya ce "na yafe" ya sauke mana kaya, sai mu kuma mu ci gaba da tambayar jikinsa bayan taro ya watse, wata da watanni, kuma in ya ce da sauƙi mu ɗan ƙara tambaya. Allah ya kiyaye mu da tsautsayin hanya, ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya sa mu fi ƙarfin zukatanmu ranar da nauyi ya biyo ta kanmu.